Kilo Guda na Yuraniyom da Ya Bar Zariya

A farkon watan Disamba na 2018 wani ƙaton jirgin dakon kaya ƙirar Antonov ya tashi daga filin jirgin sama na Kaduna ya nufi ƙasar Sin. Kayan da ya ɗauka akwatin ƙarfe ne mai nauyin kusan tan 30. Abin da ke can tsakiyar akwatin, wanda saboda shi aka tara sojoji da masana daga ƙasashe da dama, bai wuce kilo guda da 'yan kai ba. Yuraniyom ne da aka tace shi har ya haura kashi 90 cikin 100, wato irin wanda ake haɗa bam da shi. Daga Zariya aka ɗauko shi. Shekara 14 ya yi a Samaru, a ƙarƙashin ruwa, cikin wani gini na Jami'ar Ahmadu Bello.

Daga Ƙofar Doka zuwa wannan gini, in ka bi ta Tudun Wada da PZ da Kwangila, tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba. Duk da haka mutanen cikin birni, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, ba su san zuwansa ba, ba su kuma san tafiyarsa ba, in ka cire 'yan ƙalilan da ke aiki a jami'a ko suke da ɗa a can. A majalisun Babban Dodo da na bakin kasuwa ana tafka muhawara kan nukiliyar Iran da ta Koriya ta Arewa, ana kawo sunan Natanz da Fordo kamar unguwannin maƙwabta ne. Ba kasafai ake jin wanda ya san cewa ɗaya daga cikin ayyukan hana yaɗuwar makaman ƙare-dangi mafi muhimmanci da aka yi a Afirka a wannan ƙarni a ƙasar Zazzau aka yi shi ba. Ya kamata a sani, domin abin alfahari ne, kuma domin aikin bai ƙare da tashin jirgin ba.

Tukunyar Samaru

Sunanta a takarda NIRR-1, tukunyar nukiliya ta bincike ta farko a Najeriya, kuma har yau ita kaɗai ce. Tana Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta jami'ar, wadda aka fi sani da CERT. Cibiyar Makamashin Nukiliya ta ƙasar Sin da ke Beijin ce ta ƙera ta, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a 1996 tsakanin Najeriya da Sin da Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA. Ta fara aiki ranar 3 ga Fabrairu, 2004.

Wanda ya ji an ce tukunyar nukiliya, hankalinsa kan tafi Canobil ko Fukushima. Ta Samaru ba ta cikin wannan sahu. Ƙarfinta lokacin da ta fara aiki kilowat 30 ne na zafi, kuma ba ta ba kowa wutar lantarki. Tukunyar da ta fashe a Canobil a 1986 ta ninka ta sau dubu ɗari. Zuciyarta, wato inda makamashin yake, ba ta kai taku guda a tsawo ko a faɗi ba. A zuciyarta ta farko siraran sanduna ne guda 347 aka jera su cikin keji, aka kewaye su da ƙarfen beriliyom, aka nutsar da su a ƙasan wani tafki mai zurfi na tataccen ruwa. An tsara ta yadda in ruwan ya fara zafi fiye da kima, ita da kanta take rage wuta ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Mai gida a Samaru ko Hayin Dogo ba shi da dalilin kwana da fargabar za ta fashe.

Aikinta awo ne. A kawo ɗan ƙullin ƙasa daga gona, ko dutse daga wurin haƙar ma'adinai, ko garin magani na gargajiya, ko hatsi, ko laka daga bakin Kubanni. A zuba shi cikin 'yar kwalbar roba, iska ta tura ta cikin bututu zuwa kusa da zuciyar tukunyar, ƙwayoyin niyutiron su buge shi na ɗan lokaci. In an fito da shi, kowane sinadari da ke ciki sai ya riƙa fitar da tururi mai alamarsa ta kansa, na'ura ta karanta. Da haka ake gane ko akwai zinariya a dutsen, ko akwai guba a maganin, ko ƙasar gonar ta rasa wani abu da shuka ke buƙata, ko da abin bai wuce ƙwaya ɗaya cikin miliyan ba. Ɗalibai masu yawa daga jami'o'in ƙasar nan sun yi digirinsu na biyu da na uku da wannan tukunya. A nan kuma ake horar da waɗanda za su riƙe tashoshin lantarki na nukiliya in Allah Ya nufa Najeriya ta gina su.

To, me ya kawo makamashin bam cikin na'urar awo?

Yuraniyom da ake haƙowa a ƙasa, irin na Arlit da ke arewacin Nijar, iri biyu ne a cakuɗe. Wanda ke tsagewa ya ba da wuta, mai lamba 235, bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kashi 0.7 ne. Sauran kusan duk mai lamba 238 ne. Raba su shi ne aiki mai wuya, mai cin kuɗi da shekaru, kuma a kansa ne ake ta rigima da Iran. Tashoshin lantarki suna amfani da wanda aka tace zuwa kashi 3 zuwa 5. Daga kashi 20 zuwa sama duniya ta ja layi, ta ce wannan ya shiga sahun mai haɗari. Kashi 90 shi ne na makami. A shekarun da aka tsara ƙananan tukwane irin ta Samaru, injiniyoyi sun fi son mai kashi 90 saboda kaɗan daga cikinsa ya isa, tukunyar ta zama ƙarama, ta kuma yi shekaru ba a canja mata makamashi ba. Amurka da Tarayyar Sobiyet sun raba irin wannan makamashi ga ƙasashe da dama tun daga shekarun 1950. Sin ma ta bi sahu, ta sayar da irin tukunyar Samaru ga Pakistan da Iran da Ghana da Siriya, Najeriya ta zo a ƙarshe.

Gaskiya ita ce kilo guda ba ya yin bam. Ma'aunin IAEA na abin da zai isa bam ɗaya kilo 25 ne, kuma bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima ranar 6 ga Agusta, 1945 ya ci kilo 64. Amma akwai abu biyu da suke hana masana barci. Na farko, duk wahalar haɗa bam tana wajen samun makamashin ne. Wanda ya mallaki isasshen yuraniyom mai kashi 90 ya gama da mafi tsananin ɓangaren aikin. Tsarin bam ɗin Hiroshima mai sauƙi ne har waɗanda suka ƙera shi ba su ga buƙatar gwada shi kafin su jefa ba. Kilo ɗaya nan, uku can, biyar a wani wuri, ɓarawo mai haƙuri yana iya tarawa. Na biyu, makamashin da ya daɗe yana ci a babbar tukunya yakan yi tururi mai tsanani har ya kashe wanda ya kusance shi, ya zama yana tsaron kansa. Na ƙaramar tukunya mai kilowat 30 bai ƙone sosai ba, saboda haka wannan kariya tasa ba ta da ƙarfi.

Shekarar da duniya ta farga

Kwana ɗaya bayan tukunyar Samaru ta fara aiki, ranar 4 ga Fabrairu, 2004, Dakta Abdul Qadeer Khan, uban bam ɗin Pakistan, ya fito a talabijin ya amsa cewa ya sayar da sirrin tace yuraniyom ga wasu ƙasashe. Iran da Libiya da Koriya ta Arewa su ne aka ambata. Abin da ya girgiza mutane shi ne kasuwar ta 'yan kasuwa ce, da dillalai a Dubai da masana'anta a Malesiya da injiniyoyi a Turai da Afirka ta Kudu. A watan Afrilu na shekarar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1540, wanda ya wajabta wa kowace ƙasa ta yi dokar da za ta hana irin waɗannan kaya faɗawa hannun ƙungiyoyin da ba gwamnati ba.

Sha'awar 'yan ta'adda ga nukiliya ba zato ba ce. Wani tsohon ɗan Alƙa'ida, Jamal al-Fadl, ya ba da shaida a kotun New York a 2001 cewa ƙungiyar ta yi yunƙurin sayen yuraniyom a Khartum a farkon shekarun 1990. Ƙungiyar Aum Shinrikyo ta Japan, wadda ta saki iskar guba a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokyo a 1995, ta nemi hanyar samun makamin nukiliya kafin ta koma ga guba. A shekarar dai 'yan tawayen Ceceniya sun binne ƙunshin siziyom a wani lambun shaƙatawa a Mosko, suka kira 'yan jarida suka nuna musu wurin. A 2014 da ISIS ta kama Mosul, gwamnatin Iraƙi ta sanar da Majalisar Ɗinkin Duniya cewa kimanin kilo 40 na sinadaran yuraniyom da ke jami'ar birnin sun shiga hannunsu, ko da yake ba na makami ba ne.

A 2004 Zariya gari ne na ɗalibai da malamai da sojojin Depot, ana kwana ƙofa a buɗe a lokacin zafi. Shekara takwas bayan nan al'amari ya canja. An kai hari ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja a Agustan 2011. An yi wa Kano ruwan bama-bamai ranar 20 ga Janairu, 2012, aka shiga tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a watan Afrilu aka kashe masu ibada, cikinsu har da farfesoshi. Ranar 17 ga Yuni bam ya tashi a coci biyu a Zariya, ɗaya a Wusasa ɗaya a Sabon Gari. Ranar 7 ga Yuli, 2015 wani bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari da ke Dogarawa, a tsakiyar ma'aikatan da suka yi layin tantancewa, mutum fiye da 20 suka rasu. Masu kula da tsaron nukiliya ba sa jiran sai sun kama wata ƙungiya da taswirar gini a aljihu. Abin da suke tambaya shi ne: akwai kayan, kuma akwai masu bindiga da ke iya kaiwa wurin? A Zariya ta wancan lokaci amsar duka biyun ita ce e.

Shugaba Barack Obama ya kira taron ƙoli kan tsaron nukiliya a Washington a Afrilun 2010, Goodluck Jonathan ya halarta yana muƙaddashin shugaban ƙasa. An sake yin taron a Seoul a 2012, a Hague a 2014, sannan na ƙarshe a Washington a 2016 wanda Muhammadu Buhari ya je. A waɗannan taruka Najeriya ta ɗauki alkawarin sauya makamashin tukunyarta. Faɗa da baki ba wuya. Aikin kuwa, wanda aka fara tun kafin tarukan, ya ci fiye da shekara goma, domin sai an tabbatar da lissafi cewa sabon makamashi mai kashi 13 zai ba da niyutiron daidai da na da, ba tare da an rushe ginin an sake ba. Masanan CERT, cikinsu har da Farfesa Sunday Jonah da Farfesa Yusuf Aminu Ahmed wanda ke shugabantar cibiyar lokacin da aka yi sauyin, sun yi wannan lissafi tare da takwarorinsu na ɗakin binciken Argonne a Amurka da na Beijin. Wannan ɓangare ne ya fi burge ni a labarin duka. Ba zuwa aka yi aka ƙwace mana kaya ba. 'Yan ƙasa ne suka zauna suka yi ilimin, hukumar da ke sa ido kan nukiliya ta Najeriya, NNRA, ta duba ta ba da lasisi.

Sin ta fara sauya tata tukunyar ta Beijin a 2016. Ghana ta bi a 2017, aka kuma gina wurin gwaji a kusa da Akara inda ma'aikatan Zariya suka je suka yi ta maimaita yadda za su ciro zuciyar tukunya daga ƙasan ruwa su sa ta a akwati, har hannunsu ya faɗa.

An sa ranar aikin a watan Oktoban 2018. Ana saura kwanaki sai rikici ya ɓarke a Kasuwan Magani, mutum fiye da 50 suka mutu, wutar ta yaɗu zuwa cikin garin Kaduna, gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita ba dare ba rana. Ayarin masanan, Amurkawa da Sinawa da Turawan Ingila da Norway da 'yan kwangila daga Rasha da Jamhuriyar Cek, suka maƙale a Ghana suna jiran izini. Da aka samu sarari suka shigo da rakiyar sojoji, aikin da aka saba yi a kwanaki aka matse shi cikin kusan yini guda. Aka ciro tsohuwar zuciyar, aka rufe ta a akwatinta. A watan Nuwamba sabuwar ta kama aiki. A Disamba tsohuwar ta koma inda aka ƙera ta. Da haka Najeriya ta shiga jerin ƙasashe fiye da 30 da suka raba kansu da irin wannan makamashi, kuma ta Samaru ce tukunyar bincike ta ƙarshe a Afirka da ke aiki da shi.

A lura da waɗanda suka yi aikin tare. A ƙarshen 2018 Amurka da Sin suna tsakiyar yaƙin kasuwanci, Ingila da Rasha kuwa sun kori jami'an jakadancin juna a kan gubar da aka sa wa wani tsohon ɗan leƙen asiri a Salisbury. Duk da haka mutanensu sun tsaya a bakin tafki ɗaya a Samaru suna riƙe wa juna igiya. Abin da ya faru bayan nan ya nuna ba a yi gaggawar banza ba: satar mutane a Kwalejin Nuhu Bamalli a 2021, harin makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Agustan shekarar, da na jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022. In 'yan bindiga za su iya shiga NDA, babu shingen jami'ar da za a ce ya fi ƙarfinsu.

Tsohon bashi

Akwai mai cewa, kuma na sha jin haka daga bakin masu ilimi: don me kullum talaka ne zai miƙa nasa? Tambayar tana da tushe. Ƙasashe tara ne ke riƙe da makaman nukiliya, Amurka da Rasha da Sin da Faransa da Ingila da Indiya da Pakistan da Koriya ta Arewa da Isra'ila wadda ba ta taɓa amsawa ba. Jimillar kawunan ya haura 12,000, kusan kashi 90 cikin 100 a hannun Amurka da Rasha. Yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman, NPT, wadda Najeriya ta sa wa hannu tun 1968, ciniki ce mai ƙafa uku: marasa makami ba za su nema ba, za a taimaka musu da nukiliyar zaman lafiya, masu makami kuma za su yi shawarwari da zuciya ɗaya don kwance nasu. Marasa shi sun cika alkawari, in ka cire ƙalilan. Masu shi suna ta sabunta nasu. Yarjejeniyar makamai masu matsakaicin zango tsakanin Amurka da Rasha ta mutu a 2019, Rasha ta janye amincewarta da yarjejeniyar hana gwaji a 2023. Wannan rashin adalci ne, kuma bai kamata a ji kunyar faɗinsa ba.

Mu a nan mun ɗanɗani abin tun kafin mu samu 'yanci. Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, ana tsakiyar hunturu, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya, mai ƙarfin da ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Duk wanda ya san inda ƙurar hunturu ke fitowa ya san dalilin da hankalin mutanen Arewa ya tashi. Da Faransa ta yi gwaji na uku a ƙarshen Disamba, gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ba ta daɗe da karɓar mulki ba, ta kori jakadan Faransa daga Legas a Janairun 1961, ta hana jiragen ruwa da na saman Faransa sauka a ƙasar. Wannan fargaba ce ta haifar da ofishin auna tururin nukiliya na farko a Najeriya, a Jami'ar Ibadan a 1964.

Nijar kuwa yuraniyom ɗinta ya yi shekaru da dama yana haskaka gidajen Faransa daga 1971, ita tana cikin duhu. Har sunanta aka ara aka tafi yaƙi da shi: a Janairun 2003 Shugaba George Bush ya gaya wa majalisar Amurka cewa Saddam Hussein ya nemi yuraniyom a Afirka, a watan Maris shugaban IAEA Mohamed ElBaradei ya bayyana wa Kwamitin Sulhu cewa takardun da ke nuna cinikin da Nijar na jabu ne, bayan kwanaki kaɗan aka afka wa Iraƙi. A Mayun 2013 kuma 'yan ta'adda suka tayar da mota mai bam a mahaƙar Somaïr da ke Arlit.

Saboda irin wannan tarihi ne Farfesa Ali Mazrui ya yi kira a laccocinsa na BBC a 1979 cewa Afirka, musamman Najeriya, ta nemi nata bam ɗin, don sai kowa ya samu ne manyan za su yarda a zubar baki ɗaya. Ina girmama Mazrui, amma a nan ban bi shi ba. Afirka ta Kudu ta ƙera bama-bamai shida a ɓoye, ba su hana mulkin wariya faɗuwa ba, ta kwance su da hannunta, Shugaba de Klerk ya sanar a 1993. Pakistan tana da bam tun 1998, bai hana 'yan Taliban kashe yara fiye da 130 a makarantar Peshawar a 2014 ba. Ƙarin abin tsaro ya zame mata. Maƙiyin da ke damun mu yana dajin Birnin Gwari da Sambisa, a kan babur, a cakuɗe da mutanen da ya hana noma. Ba a jefa masa bam ɗin ƙare-dangi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Hanyar da Najeriya ta bi ita ce mai ɓullewa: yarjejeniyar Pelindaba da ta haramta makaman a faɗin Afirka, wadda ta fara aiki a 2009, da yarjejeniyar haramta su a duniya baki ɗaya, wadda Najeriya na cikin ƙasashen da suka jagoranci kawo ta a 2017, ta kuma tabbatar da ita ranar 6 ga Agusta, 2020. Wanda ya miƙa nasa kilo ɗaya yana da bakin da zai tambayi mai tan ɗari.

Abin da jirgin bai tafi da shi ba

Haɗarin da ya fi kusa da mutumin Zariya a yau ba ya cikin tukunyar Samaru. Yana cikin ƙananan ƙullin sinadarai masu tururi da ake aiki da su kullum: kobal-60 a na'urar gashin cutar daji irin wadda aka yi shekaru ana amfani da ita a asibitin koyarwa na Shika, siziyom-137 a ma'aunan masana'antu da na masu gina hanya, iridiyom a hannun masu duba walda a bututun mai, amerisiyom a rijiyoyin mai. Ba a haɗa bam ɗin nukiliya da su. Amma in aka ɗaura ɗaya a jikin nakiya aka tayar a kasuwa, abin da ake kira ƙazamin bam, ko bai kashe mutane da yawa nan take ba zai sa a rufe wurin wata da watanni, a kankare ƙasa, a rushe shaguna, tsoro kuma ya kori kowa. A Disambar 2002 an sace irin waɗannan ƙulli biyu daga motar wani kamfanin aikin mai a yankin Neja Delta. Sai bayan watanni aka gano su a Jamus, cikin lodin tsofaffin ƙarafa.

Tsofaffin ƙarafa. Nan ne maganar ta shigo cikin ganuwa. Babu unguwar da yaran jari-bola ba sa ratsawa da kura ko buhu, kuma sana'ar gwangwan tana ciyar da gidaje da yawa a garin nan, daga mai tsinta zuwa mai awo zuwa mai loda tirela. Mafi munin haɗurran da aka yi da irin waɗannan sinadarai ta hannun masu wannan sana'a suka biyo, ba tare da sun san abin da suka ɗauka ba. A Satumbar 1987 a birnin Goiania na Brazil wasu mutum biyu suka shiga wani asibiti da aka bari kango, suka kwance kan na'urar gashi suka sayar wa mai gwangwan. Da aka fasa sai ga wani gari mai walƙiya shuɗiya cikin duhu. Mai shagon ya kai gida, ya rarraba wa 'yan'uwa da abokai, wata yarinya 'yar shekara 6 ta ci abinci da shi a hannunta. Mutum huɗu suka mutu har da yarinyar, aka samu 249 da ya taɓa, aka auna mutum 112,000 a filin ƙwallo, aka rushe gidaje. A 2000 an yi irin haka a Samut Prakan ta Thailand, mutum uku suka mutu. A 2010 a kasuwar gwangwan ta Mayapuri a Delhi, na'urar da ta kashe mutum ɗaya ta jikkata wasu daga wata jami'a ta fito, an yi gwanjonta a matsayin tarkace.

Najeriya tana da doka kan wannan tun 1995, NNRA kuma ta fara aiki a 2001. Ita ke ba da lasisin shigo da kowane ƙulli, ita ke riƙe da rajistarsu. CERT tana da wurin ajiye waɗanda suka gama aiki, saboda haka har yanzu Zariya na ɗauke da amanar ƙasa. Amma rajista tana sanin abin da aka rubuta ne kawai. Masana'antun da suka durƙushe a Kakuri da Bompai da Sharaɗa, da kamfanonin gine-gine da suka tattara suka bar ƙasar, wasunsu sun shigo da kayansu tun kafin a kafa hukumar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce mai gadin da ya yi wata shida ba albashi, da ma'ajin da aka ce ya rabu da tarkacen da ke sito.

Ilimin da zai kare mai gwangwan bai da yawa, ana iya koyar da shi a zama ɗaya. Alamar haɗarin tana kama da fankar silin mai fuka-fukai uku, baƙa ko ja-ja a kan ruwan ɗorawa. Akwai kuma sabuwa tun 2007, ja mai kusurwa uku da ƙoƙon kai da mutum yana gudu. Ƙarfen da ya yi nauyi fiye da girmansa, mai dalma a ciki, mai ɗan ƙaramin murfi ko kulle, abin zargi ne. Tururin ba shi da wari, ba shi da launi, ba a jin sa a jiki sai bayan awanni ko kwanaki, lokacin da amai da gudawa da ƙuna ba tare da wuta ba suka bayyana, kuma sau da yawa a ɗauka maleriya ce ko sammu. Wannan bayani yana nan a takardun IAEA da na NNRA, amma da Turanci, a ofisoshin Abuja da Vienna. Wanda ke riƙe da guduma a bayan kasuwa Hausa yake ji, rediyo yake saurara, maganar sarkin sana'arsa da mai unguwarsa da limaminsa yake ɗauka.

Zariya ta fi kowane gari dacewa da wannan aiki. Masanan suna Samaru, likitocin suna Shika, fada tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka isar da saƙon rigakafin shan-inna gida-gida, kuma a Tukur-Tukur aka yi shekaru ana buga Gaskiya Ta Fi Kwabo don a mayar da ilimin zamani harshen mutane. Abin da ake buƙata bai kai kuɗin man da Antonov ya sha ba: hoton alamar a manne a kowane wurin awon ƙarfe, na'urar auna tururi ta hannu a manyan wuraren da ake loda tirela, lambar waya da za a kira a samu mai ɗauka, da tabbacin cewa wanda ya kawo rahoto ba za a fara da tsare shi ba. In ba a ba da wannan tabbaci ba, yaron da ya tsinci abin zai jefa shi rijiya ko kwata ne ya yi shiru. Wanda ya gamu da irin wannan ƙarfe kada ya fasa, kada ya sa a aljihu, kada ya kai gida. Ya matsa nesa, ya hana yara zuwa wurin, ya tuna su wa suka taɓa shi, sannan ya aika a gaya wa mai unguwa da 'yan sanda su kira CERT.